Giwa a Lungu: Tarihin Ƙaton Babur da Zirga-zirgar Cikin Gari

Duk ma'abocin kallon finafinan Amurka da na Indiya ya san irin fitowar nan: titi ya miƙe ɗoɗar, ba mota ba mutum, sai ga jarumi ya ɓullo a kan wani shirgegen babur mai rugugi kamar hadari, iska na kaɗa masa riga, sauti na tashi. Da wuya saurayi ya kalli wannan bai ji a ransa cewa in da hali irin mashin ɗin nan zai mallaka ba. To, yanzu abin ya wuce kallo a allo. A Abuja da Legas, har ma Kaduna da Kano, akan ga manyan baburan nan jefi-jefi, kuma akwai samarin da ke tara kuɗi domin su sayi na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka.

Tambayar da ta kamata mai irin wannan buri ya yi wa kansa kafin ya ƙirga kuɗi ita ce: shin babur ɗin da aka ƙera domin doguwar tafiya zai iya yi masa hidimar yau da kullum a cikin gari, wato zuwa wurin aiki, leƙawa kasuwa, kai yaro makaranta, da zuwa ɗaurin aure? Maganar ba ta wasa ba ce, domin kuɗin da za a zuba ya isa sayen fili a wasu unguwannin, sannan ƙafa da ƙugun mahayi ne za su ɗauki nauyin kuskure idan an tafka shi. Abin sha'awa shi ne, tarihi ya daɗe da ba da amsa. Kamfanonin da ke ƙera babura sun shafe shekaru sama da ɗari suna gwaji, kuma abin da ya fito fili shi ne babur iri biyu ne, kowanne da titin da ya haife shi.

Daga keke mai inji zuwa dokin soja

A shekarar 1885 ne wasu injiniyoyi biyu 'yan Jamus, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora ƙaramin injin fetur a kan wani keken katako. Cikin 1894 kamfanin Hildebrand & Wolfmüller ya fara ƙera babur domin sayarwa. Kafin a jima harkar ta bazu: a Ingila Royal Enfield ya fitar da nasa a 1901, Triumph a 1902, a Amurka kuwa Indian ya fara a 1901, sai Harley-Davidson a 1903 a birnin Milwaukee. Baburan farkon nan duk kekuna ne da aka maƙala wa inji, har wasu da fedarsu, kuma manufarsu ita ce su zama abin hawan wanda mota ta fi ƙarfinsa.

A Amurka wannan manufa ba ta yi tsawon rai ba. Cikin 1908 Henry Ford ya fito da motarsa Model T, ya yi ta karya mata farashi har ta sauko ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920, wato kusan kuɗin babban babur. Magidanci mai iyali da aka ba shi zaɓi tsakanin ƙafa biyu da ƙafa huɗu mai rufi a kan kuɗi ɗaya, ai ba sai ya yi shawara da kowa ba. Nan da nan babur ya daina zama abin hawan talaka a ƙasar, ya koma na 'yan sanda, da sojoji, da masu hawa don nishaɗi. Su kuwa waɗannan ba sa neman araha ko sauƙin shan mai. Ƙarfi suke nema da juriya a doguwar hanya. Saboda haka baburan Amurka suka yi ta ƙara girma.

Daga karayar tattalin arziki da ta soma a 1929, manyan kamfanoni biyu kawai suka tsira, Indian da Harley-Davidson. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya tallafi Harley, domin ya ƙera wa sojoji babura wajen 90,000. Da aka gama yaƙi samari suka dawo gida sun iya hawa, sun iya gyara, ga kuma tsofaffin baburan soja ana gwanjonsu. Shi kuma Indian ya rufe masana'antarsa a 1953, fage ya zama na Harley shi kaɗai.

Titi ne ya haifi giwa

Babur ɗin doguwar tafiya kamar yadda muka san shi a yau ɗan babban titi ne. A 1956 Shugaba Dwight Eisenhower ya sa hannu a dokar gina tagwayen hanyoyi masu haɗa jihohin Amurka, tsawon mil 41,000, kusan kilomita 66,000 ke nan. Hanyoyi ne da babu danja, babu shataletale, babu mai tsallakawa da ƙafa. Mutum zai iya riƙe gudu ɗaya tun safe har yamma. Wanda zai yi irin wannan tafiya a kan ƙafa biyu yana buƙatar kujera mai laushi, da abin tare iska, da wurin zuba kaya, da inji mai ƙarfin da ba zai gaji ba.

Harley ya bi wannan buƙata daki-daki. Samfurinsa na FL mai si-si 1,200 ya fito tun 1941. A 1949 aka sa masa shokozoba mai aiki da mai a gaba, aka kira shi Hydra-Glide. A 1958 aka ƙara masa shokozoba a baya, ya zama Duo-Glide. A 1965 aka sa masa sitata mai aiki da batir, aka raɗa masa Electra Glide, sunan da ya yi fice a duniya. Cikin 1969 aka ƙara masa faffaɗan garkuwar gaba mai kama da fiffiken jemage. Mai karatu zai lura cewa kowane ƙari na jin daɗin hanya ne, kuma kowanne ya zo da nasa nauyin.

Sai Japanawa suka shigo. A ƙarshen 1974 Honda ya baje kolin Gold Wing GL1000 a birnin Kolon na Jamus, ya fara sayar da shi a 1975. Injinsa silinda huɗu ne a kwance, si-si 999, mai sanyaya kansa da ruwa kamar mota. Maimakon sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya. Tankin mai kuma a ƙarƙashin kujera yake domin nauyi ya sauka ƙasa. Tsirara ya fito, ba garkuwa ba akwati, amma duk da haka ya kai kilo 265 ba mai a ciki. Amurkawa suka saye shi suna maƙala masa garkuwar da wani mai suna Craig Vetter ke ƙerawa, suna ɗaura masa akwatuna. Da Honda ya ga inda kasuwa ta dosa, sai ya fitar da samfurin Interstate a 1980 da komai a jikinsa. Sunan ma kaɗai ya ishe mu hujja, domin sunan manyan hanyoyin nan na Eisenhower ne. Kusan shekara 30 a jihar Ohayo ta Amurka aka riƙa haɗa Gold Wing, kusa da masu sayensa, kafin aikin ya koma Japan.

Daga nan sai abin ya zama gasar girma. A 1988 GL1500 ya zo da silinda shida, kuma saboda nauyinsa sai da aka sa masa ribas, abin da ba a saba ji ba a babur. A 2001 GL1800 ya zo da si-si 1,832. A 2006 ya zama babur na farko a kasuwa mai jakar iskar nan da ke kumbura idan an yi karo. Ga rediyo, ga kujerar baya mai majingina kamar ta falo. Manyan samfuransa sun haura kilo 400, wato buhun siminti takwas. A Jamus ma BMW ya bi sahu da R100RT a 1978.

A fagensa babu mai ja da shi. Wani ɗan Ajantina, Emilio Scotto, ya bar gida a 1985 a kan Gold Wing ƙirar 1980, bai kammala zagayen duniya ba sai 1995, bayan ya ci kilomita 735,000, abin da ya shigar da shi kundin Guinness. Wannan shi ne aikin da aka halicci giwar domin ta yi.

Gari ma ya haifi nasa

A daidai lokacin da Amurka ke shimfiɗa tagwayen hanyoyi, Italiya da Japan suna fama da ɓaraguzan yaƙi ne, ga talauci, ga tsadar mai, ga tsofaffin birane masu lunguna. Can tambayar daban ce: me zai kai ma'aikaci wurin aiki da ɗan mai kaɗan, ba tare da ya ɓata masa wando ba?

A Italiya kamfanin Piaggio, wanda a da jiragen sama yake ƙerawa, ya ba wani injiniyan jirgi mai suna Corradino D'Ascanio aikin. Mutumin nan ba ya ƙaunar babur, yana ganinsa ƙazamin abu mai wuyar hawa. Sai ya rufe injin, ya buɗe tsakiya yadda mai siket ma za ta zauna, ya sa garkuwar ƙafa. A 1946 Vespa ta fito da si-si 98 kacal.

A Japan kuwa Soichiro Honda da abokin kasuwancinsa Takeo Fujisawa suka fito da Super Cub a 1958. Si-si 50 ne, bai kai kilo 70 ba. An rufe sarƙarsa, an sa masa tayoyi masu ɗan girma saboda hanyoyin da ba kwalta, sannan an cire masa kuloci na hannu. Dalili? Fujisawa yana so yaron da ke kai wa mutane taliya gida-gida ya iya tuƙa shi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da faranti. Mutumin cikin gari aka sa a gaba tun daga zanen farko.

Abin da ya faru da aka kai shi Amurka darasi ne da har yau ake koyarwa a makarantun kasuwanci. Honda ya buɗe reshe a Los Angeles a 1959 da niyyar sayar da manyan baburansa masu si-si 250 da 305, tunda an ce Amurkawa babba suke so. Sai baburan suka kama yoyon baƙin mai da lalacewar kuloci, domin ba a ƙera su don irin gudu da nisan hanyoyin ƙasar ba. Ma'aikatan kamfanin kuwa suna ta yawon aikensu a cikin gari a kan ɗan ƙaramin Cub, jama'a na tare su suna tambayar inda ake sayarwa. Ƙaramin da aka raina shi ya buɗe wa Honda ƙofar Amurka. Ya zuwa 2017 an ƙera Super Cub miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa a tarihi.

Abin da kyamara ke ɓoyewa

To in haka ne, me ya sa zuciyar ɗan kallo ta fi karkata ga babban? Amsar tana Holiwud. A 1953 Marlon Brando ya fito a fim ɗin The Wild One a kan Triumph mai si-si 650, da baƙar rigar fata, ya kafa siffar mai babur a matsayin tantiri wanda ba ya jin magana. A wannan shekarar dai aka saki Roman Holiday, inda Gregory Peck da Audrey Hepburn suka zaga lungunan birnin Rum a kan Vespa. Ka ga tun a lokacin sinima ta raba aiki: ƙaramin na gari da soyayya, babban na jeji da jarumta.

A 1969 Easy Rider ya fito, Peter Fonda da Dennis Hopper suka ratsa kudancin Amurka daga Los Angeles zuwa New Orleans. Baburansu tsofaffin Harley ne na 'yan sanda da aka saya a gwanjo, aka fige su, aka zubar da duk wani ƙarfen da za a iya zubarwa. Kusan duk kyawun fim ɗin a buɗaɗɗen titi yake, ba a cunkoso ba. A 1991 kuma Arnold Schwarzenegger ya hau Harley Fat Boy a Terminator 2, ya yi tsallen nan da ya faɗa cikin magudanar ruwa, wanda har yau 'yan kallo ke labari. Gaskiyar magana ita ce, wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da babur ɗin, wani ƙwararre ne a kai, daga baya aka goge wayoyin da kwamfuta.

Abin lura ga mai kallo shi ne, kafin a ɗauki irin waɗannan fitowa sai an rufe titi, an kori motoci, an share ƙasa. Babu daraktan da zai nuna maka jarumi yana ja da baya da ƙafa yana neman wurin fakin, ko yana zufa a gosulo, ko mutum uku na taya shi ɗaga babur bayan ya kife a bakin kwata. Kyamara rabin labari take bayarwa, kuma rabin da take ɓoyewa shi ne rayuwar cikin gari. Marubutan littattafanmu ma da ke son zuzuta jarumi da abin hawa, tsayuwarsa a ƙofar gidan budurwa suke kwatantawa, ba wahalar da ya sha kafin ya juya a layin ba.

Darasin Indiya

Masu kallon finafinan Indiya ba za su manta da Amitabh Bachchan da Dharmendra a kan babur mai akwatin gefe a Sholay na 1975 ba, haka nan John Abraham a kan Suzuki Hayabusa a Dhoom na 2004, duk da cewa shi wannan na tsere ne, ba na doguwar tafiya ba. Indiya ma tana da nata ƙaton na gargajiya, wato Royal Enfield Bullet, wanda aka fara haɗawa a Madras bayan kafa kamfanin Enfield India a 1955, saboda buƙatar sojojin ƙasar.

Sai dai abin da Ba'indiye ke tafa wa a sinima daban, abin da yake hawa zuwa aiki daban. Bajaj Chetak da ta fito a 1972, 'yar ƙaramar sikuta, ita ce mutane ke rubuta suna su jira shekaru kafin layi ya zo kansu. A 1984 aka kafa Hero Honda, ya fitar da CD100 a 1985 da Splendor a 1994, dukansu masu si-si wajen 100, suka mamaye ƙasar da alƙawarin rashin shan mai. Harley-Davidson ya shiga Indiya da ƙarfinsa, har ya buɗe masana'anta a jihar Haryana, ya kuma fito da ƙananan samfura, Street 500 da Street 750, musamman domin matasan birni. Duk da haka a Satumbar 2020 ya sanar da rufe masana'antar. Da ya sake yunƙurawa, sai ya haɗa kai da Hero, suka fitar da X440 a 2023, mai silinda ɗaya tal. Masu iya magana sun ce giwa a garin wani zomo ce. A nan kuwa sai da giwar ta rage jiki da kanta kafin gari ya karɓe ta.

Idan giwa ta shiga cunkoso

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Babur yana samun daidaito ne idan yana tafiya. Da zarar gudu ya ragu zuwa na mai tafiya da ƙafa, nauyin ya dawo kan mahayi. A babban titi kilo 400 alheri ne, domin iskar tirela ba ta jijjiga shi. A danja kuwa, inda za ka tsaya sau talatin kafin ka kai ofis, ƙafa ɗaya ce ke tare wannan nauyi, kuma idan ta sauka a kan yashi ko malalen baƙin mai, shi ke nan. Ɗan ƙaramin mashin in ya karkata sai ka fizgo shi. Wannan in ya wuce wani mizani sai dai ka sake shi ka tsira da ƙafarka.

Na biyu, tsawo da faɗi. Gold Wing mai akwatin baya ya haura mita biyu da rabi, faɗinsa kusan santimita 90. Tazarar da ke tsakanin tayoyinsa ita ke sa shi tafiya sambal a hanya, ita ce kuma ke hana shi juyawa a ƙaramin layi. Babbar fa'idar babur a gari ita ce kurɗawa tsakanin motoci da samun wurin ajiyewa ko'ina. Mai akwatuna a gefe biyu ya rasa wannan, ya zama yana bin layi kamar mota alhali ba shi da rufin mota. Tsakanin cikinsa da ƙasa kuma santimita 13 ne kawai, ga tudun rage gudu da ramukan titunanmu.

Na uku, zafi. Injin Harley na gargajiya iska ce ke sanyaya shi, iska kuwa sai ana tafiya. A cunkoso silindar baya, wadda ke daidai cinyar mahayi, takan yi zafin da sai da kamfanin ya ƙirƙiro dabarar yanke mata mai idan an tsaya, sannan a 2014 ya ƙara wa wasu samfuran sanyaya da ruwa. Garkuwar da ke kare mutum daga sanyin hanya ita ce ke tare masa 'yar iskar da zai sha a gari. Mai karatu ya auna wannan da ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Gajerun tafiye-tafiye ma ba sa yi wa babban inji daɗi: baƙin mai bai gama ɗumama ba an kashe, batir bai gama cika ba an sake tayarwa.

Na huɗu, aljihu. A ƙiyasin Honda, sabon Gold Wing yana cin kilomita wajen 18 da lita ɗaya, yayin da mai si-si 100 kan kai kilomita 50. A 2025 farashin sabo a Amurka ya haura dala 25,000. Tayarsa ba a kowane shago take ba, kuma ba kowane bakanike ne zai taɓa injin da kwamfuta ke sarrafawa ba.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai masu hawansa kullum zuwa aiki, musamman a biranen Amurka inda hanyar ofis ita kanta babban titi ce. Birkinsa ya fi kamawa, fitilunsa sun fi haske, direbobi sun fi ganinsa, akwatunansa na kulluwa. 'Yan sandan Amurka sun daɗe suna sintiri da Electra Glide a cikin gari, amma sai an ba su horo na musamman kan juyi a hankali, suna faɗuwa suna tashi a filin atisaye. 'Yan rakiyar manyanmu ma da muke gani a kan manyan babura, jiniya ce ke share musu hanya. Shi kansa Honda ya amsa kukan masu hawa: a 2018 ya sake fasalin Gold Wing, ya rage masa kusan kilo 40, ya kawo samfuri mai canza giya da kansa, wanda kuma ke iya rarrafawa gaba ko baya a wurin fakin. Kamfani ba ya irin wannan gyara sai ya san inda takalmi ke matsi.

Namu titin

Mu ma nan tarihinmu bai saɓa ba. Bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariya, malaman makaranta da akawuna sun sayi Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha, duk matsakaita. A 1979 Honda ya kafa kamfaninsa a Nijeriya, a Ota ta jihar Ogun. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa mota ta gagari mutane, sai babur ya zama motar haya: acaba a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, okada a Kudu. Jincheng na ƙasar Sin da Bajaj Boxer na Indiya suka zo suka cika gari, dukansu marasa nauyi, waɗanda yaron bakanike zai kwance ya ɗaure a yini ɗaya a gindin bishiya.

An hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006, a Kano kuma a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero. Amma abin da ya maye gurbinta a Kano, wato Adaidaita Sahu, shi ma ƙaramin inji ne mai iya lungu. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuwa ya sa har masu motoci da dama sun ajiye sun koma ƙaramin mashin. Duk lokacin da aka bar gari ya yi zaɓi, mara nauyi yake ɗauka.

Ko a doguwar tafiyar ma, hanyoyin nahiyarmu ba na Eisenhower ba ne. A 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan a watan Afrilu, ya ratso Turai da Maroko da ƙasashen Afrika ta Yamma, ya iso Legas a ƙarshen Mayu, domin wayar da kai kan cutar shan inna. Babur ɗin da ya zaɓa Honda CB500X ne, wanda bai kai kilo 200 ba, rabin nauyin Gold Wing ke nan.

Saboda haka wanda ke da ƙarfin saye, da wani abin hawan na yau da kullum, da gareji, da sha'awar bin hanyar Abuja zuwa Lakwaja ko Kano zuwa Katsina a ƙarshen mako, ƙaton babur zai ba shi abin da aka yi alƙawari, in ya nemi horo ya kuma sa hular kwano. Wanda kuwa shi ke nan abin hawansa, kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce Sabon Gari zuwa Kantin Kwari, ko ratsa lungunan Kurmi, to ya ƙirga sau nawa zai taka birki a rana, ya tambayi bakaniken unguwarsu ko ya taɓa buɗe silinda shida, sannan ya gwada ɗaga buhun siminti takwas da suka kwanta a ƙasa. In ya yi wannan lissafi, da kansa zai san irin mashin ɗin da ya dace da shi. Allah ya kiyaye hanya.